Gwaji ya nuna ƙwayar cuta a jinin tumakina har da masu lafiya, to wacce ce ke kashe su?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon tumaki a wajen Saminaka, yawancinsu 'yan ƙasa, shekara da shekaru ba ni da matsala sai abin da ba a rasa ba. Bana da bazara na ƙaro Uda goma sha biyu daga kasuwar Maigatari. Da damina ta zauna sai huɗu daga cikin baƙin suka mutu cikin mako uku, biyu ma da safe kawai muka tarar da su. Na kai jini wani ɗakin gwaji, suka duba a madubi suka ce Babesia ce, na yi allurar Berenil, amma wata ta sake mutuwa. Daga baya wani ɗalibi mai bincike ya ɗebi jinin garken duka, ya dawo mini da sakamakon gwajin DNA cewa babu Babesia, abin da ke akwai Theileria ovis da Anaplasma ovis ne, kuma har a jikin 'yan ƙasar da ko tari ba su yi ba. To wa zan gaskata? Mene ne ma gwajin DNA a dabba? Kuma in yi wa garken duka allura ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar maka da alheri, ya tsayar da asarar haka nan. Tambayarka uku ce a dunƙule: me ya sa madubi da gwajin DNA suka saɓa, me ya sa aka samu ƙwayar cuta a jinin dabbar da ke cin abincinta lafiya lau, sannan wace allura za ka yi. Bari in fara da abin da na fi zato. Mai yiwuwa ne mai madubin ya faɗi abin da idonsa ya gani, ɗalibin ma ya faɗi gaskiya, amma a cikinsu babu wanda ya ambaci sunan abin da ya kashe Udan nan. Ban ga dabbobinka ba, ban buɗe mushe ko ɗaya ba, saboda haka ka ɗauki maganata a matsayin ta wanda ya sha ganin irin wannan da damina. Wanda ya tsaya a kan garken ya fi ni iko da hukunci.

Kama da wane ba ta wane

Kaska, raɓi mai jini, ba cuta ɗaya take yawo da ita ba. Manyan abin da take zuba wa tunkiya a jini gida huɗu ne. Babesia da Theileria dangin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ne na nesa. Anaplasma da Ehrlichia kuwa bakteriya ne, ba abin da ya haɗa su da waɗancan sai kaskar da ke kawo su. A kan wannan rabe-raben magani yake tafiya. Berenil ɗin da ka yi, wato diminazin, yana kashe Babesia da ƙwayar sammore, amma bakteriya ko gezau ba ta yi da shi.

Sanin waɗannan ƙwayoyi ya tsufa. Victor Babeș ya ga ta farko a jinin shanu a Romaniya a 1888, ya sake ganin irinta a tumaki a 1892, daga sunansa aka samo Babesia. A 1893 Theobald Smith da Frederick Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa ta. Theileria ta ci sunan Arnold Theiler, likitan dabbobin da ya yi aikinsa a Afirka ta Kudu. Rinin da muke zuba wa jini kafin mu duba, na Giemsa, tun 1904 yake, kuma har gobe shi ne jarin kowane ƙaramin ɗakin gwaji: a ɗiga jini a gilashi, a shimfiɗa, ya bushe, a rina, a leƙa a madubin likita. Ba shi da tsada, cikin sa'a guda an gama, kuma in dabba tana tsakiyar zazzaɓi ƙwayoyin sun cika jini, yana aiki sosai. Ba na raina shi.

Matsalarsa ƙanƙantar abin da ake nema. Babesia ovis tsawonta bai fi kashi ɗaya zuwa biyu da rabi cikin dubu na milimita ba, tana zaune cikin jar ƙwayar jini, wani lokaci kamar zobe, wani lokaci kamar ɗigon ruwa guda biyu manne da juna. Theileria ovis ma a cikin jar ƙwayar take, ita ma tana yin zobe. In ka ga zobe ɗaya tilo a gilashin da aka rina da tsohon rini, wallahi rantsuwa a kan sunansa ganganci ne. Anaplasma ta fi ma wuya, ɗigo ne kawai mai duhu a gefen ƙwayar jinin, kuma dattin rini yana yin irinsa, haka ragowar cibiyar ƙwayar jini da kan bayyana a dabba mai ƙarancin jini. Ni kaina a shekarun farko na rubuta "Babesia" a takardar mutane fiye da sau ɗaya, abin da in yau ne "an ga dangin Babesia ko Theileria" kawai zan rubuta in tsaya. Wani abin da ke ƙara sa ni taka-tsantsan shi ne, babbar kaskar da aka san tana yaɗa Babesia ovis, Rhipicephalus bursa, ta yankin Bahar Rum ce da Turkiyya da Iran. A can cutar ke kashe tumaki da yawa, da fitsarin jini da shawara. A nan wajenmu duk wanda ya kira wannan suna sai ya kawo hujjar da ta fi madubi.

Yadda ake karanta jinin

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da rubutun gadonta, shi ne DNA, kuma haruffansa huɗu ne kacal, A da C da G da T, jere da juna dubbai da miliyoyi. Ka tuna yadda malaman da suke kwafar littafi da hannu. In wani ya yi tuntuɓen alƙalami a sadara ɗaya, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji wannan tuntuɓe, har bayan shekara ɗari mai lura zai iya cewa wannan kwafi daga gidan wane ya fito. Haka ƙwayoyin cuta suke. Suna kwafar rubutunsu duk sanda za su hayayyafa, harafi yakan sauya jefi-jefi, zuri'a ta gaje shi. Mu kuma sai mu jera rubutun wannan da na waccan mu ƙirga inda suka saɓa, mu fitar da salsala.

Sai dai DNA ɗin ƙwayar cuta a cikin ɗigon jini kaɗan ne ƙwarai, ya nutse cikin na tunkiyar kanta. Dabarar da ta warware wannan ita ce PCR, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, ta kai shi ga kyautar Nobel a 1993. Ana tace DNA daga jinin, a zuba wasu gajerun sadarori biyu da aka ƙera don su manne a farko da ƙarshen shafin da ake nema, sai na'ura ta riƙa ɗumama ruwan tana sanyaya shi. Kowane zagaye shafin yana ninkuwa biyu. Zagaye 30 ya ishi kwafi ɗaya ya haura biliyan guda, har a iya ganinsa kamar zare mai haske. Shi ya sa PCR ke kama ƙwayar da madubi zai wuni yana nema bai gani ba. Amma ka riƙe wannan da kyau, domin a kansa amsarka ta rataya: PCR ɗan aike ne. Abin da aka aike shi ya nemo shi kaɗai zai kawo. In an aike shi neman Theileria, ko da wata cutar ta cika jinin, zai wuce ta bai ce uffan ba.

Wane shafi ake karantawa? Ga Theileria da Babesia yawanci shafin da ake kira 18S ne, mai haruffa wajen 1,700, kuma sau da yawa wani yanki nasa mai saurin bambanta, V4, ake ɗauka. Ga bakteriya akwai takwaransa 16S, sai dai shi ba ya raba Anaplasma ovis ta tumaki da Anaplasma marginale ta shanu yadda ya kamata, don haka ake komawa wani shafi, msp4. Ehrlichia kuma nata daban, pCS20. Bayan an ninka shafin sai a karanta haruffansa ɗaya bayan ɗaya da hanyar da Frederick Sanger ya fitar a 1977, a kwatanta da abin da ke rumbun GenBank, inda masu bincike na duniya ke ajiye nasu tun 1982.

Amfanin wannan ya fi fitowa fili a gidan Theileria. Theileria ovis, wadda aka samu a garkenka, kusan ba ta cutarwa. 'Yar uwarta Theileria lestoquardi kuwa makashiya ce: zazzaɓi mai zafi, kumburin kaluluwa, numfashi da ƙyar, shawara, kuma takan share rabin garke ko fiye in ta samu baƙin dabbobi. A madubi su biyun kusan fuska ɗaya ce. Ta biyun kaskar Hyalomma anatolicum ce ke yaɗa ta, a Sudan da Iraƙi da Iran da Oman har zuwa Pakistan da Indiya. 'Yan uwanmu masu kiwo a Sudan, musamman wajen Khartum da Atbara, ga su wannan bambanci maganar rai da mutuwa ce. A arewa maso yammacin Sin ma an daɗe ana ɗora mutuwar tumaki a kan wannan makashiya, sai da aka karanta 18S aka gane wasu jinsuna biyu ne daban da ba su da suna, aka raɗa musu Theileria luwenshuni da Theileria uilenbergi a 2007. Kaskar da ke ɗauke da su ma daban ce, ta gidan Haemaphysalis. Daga baya har a Ingila an samu Theileria luwenshuni a tumaki.

Kada dai ka ɗauka duk abin da aka ce DNA ne ya zama yankan wuƙa. Theileria lestoquardi da Theileria annulata ta shanu, a shafin 18S bambancinsu 'yan haruffa ne da ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, in aka karanta guntun shafi sai a kira wannan da sunan waccan. Rumbun GenBank kansa kowa na iya zuba abinsa, akwai rubutu da yawa a ciki da aka liƙa wa sunan da ba nasa ba, wanda ya kwatanta da shi sai ya gaji kuskuren. In dabba tana ɗauke da jinsi biyu a lokaci guda, abin da ya zama ruwan dare, karatun Sanger yakan fito a cakuɗe kamar mutum biyu na magana a tare, ko kuma mai rinjaye ya danne ƙaramin. Saboda haka aka fito da hanyar da ke gwada jini ɗaya da jinsuna da yawa a kan takarda guda, wadda aka fara a Utrecht ta ƙasar Holan a 1999 don shanu, aka yi ta tumaki da awaki a 2004. Ga kuma gurɓacewa. Na taɓa zubar da aikin mako guda cur saboda kwalbar da na sa ruwa zalla don shaida ita ma ta fito da zaren haske, alamar cewa kwafin jiya ya yi tsalle ya shiga na yau. Da ban sa wannan kwalbar ba, da na ba mutane sakamakon cewa dabbobinsu duka suna da cuta. Ba a ma maganar wutar lantarki, wadda in ta ɗauke kwana biyu firiza ta narke, jinin da aka tara wata uku ya tashi aiki.

Mai lafiya da ƙwaya a jika

Samun Theileria ovis da Anaplasma ovis a 'yan ƙasarka masu lafiya bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Da ba a samu ba ne zan tambayi yadda aka yi gwajin. Tunkiyar da ta tashi inda kaska take tana kamuwa tun tana 'yar rago, jikinta ya yi yaƙi ya rinjaya, amma bai kore ƙwayar gaba ɗaya ba. Kaɗan takan rage a jini, wani lokaci har ƙarshen rayuwar dabbar, kuma wannan ragowar ita ke riƙe garkuwar jiki a farke. Binciken da aka yi da PCR a ƙasashe irin su Tunisiya da Sudan da Kenya da Turkiyya abu ɗaya yake ta nunawa, waɗannan biyun suna cikin kaso mai yawa na tumakin da ba sa nuna wata alama. Ke nan sakamakon ɗalibin ya gaya maka cewa akwai kaska a garkenka tana aikinta. Bai gaya maka abin da ya yi kisa ba.

Anaplasma ovis ba a wanke ta tas ba. Takan tashi in dabba ta galabaita da doguwar tafiya a mota, ko yunwa, ko ciki, ko tsutsar ciki ta riga ta sha jininta. Amma tafiyarta a hankali ce: rama, kasala, cikin fatar ido ya yi fari ko rawaya, dabba ta riƙa zama a baya in an kora garke. Kwana da kwanaki ana ganinta tana lalacewa. Kuma ba kaska kaɗai ke yaɗa ta ba, allura ɗaya da aka bi garke da ita tana ɗaukar jini daga wannan zuwa waccan.

Yanzu dubi naka labarin. Baƙi ne kawai suka mutu, 'yan gida suna tsaye. Daga busasshiyar ƙasa aka kawo su zuwa mai ruwa. Sai da damina ta zauna abin ya fara. Biyu ba a ma ga ciwonsu ba. Berenil bai tsayar da shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗannan alamu biyar wuri ɗaya suke nuna mini.

Wanda ba a aika a nemo ba

Abin da na fi zargi shi ne Ehrlichia ruminantium, mai kawo ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya da ƙirji. Kaskar da ke yaɗa ta a Afirka ta Yamma ita ce Amblyomma variegatum, babbar nan mai dogon baki wadda namijinta ke da ado a baya, ƙafafunta da zobba-zobba. Tana cikin manyan kaskar da Fulani ke kira koti, suna bambanta su da ƙananan da suke kira miri, kuma ita ce ke buɗe wa kirci ƙofa a shanu. Manyanta da farkon damina suke fitowa, su kama ciki da hantsa da maraina da ƙarƙashin wutsiya. Tana son danshi da ciyawa, saboda haka tana da yawa a irin ƙasarku, tana ƙaranci in aka nausa arewa wajen iyakar Nijar. Uda da ya girma a can yana iya kai shekara biyu bai taɓa haɗuwa da wannan cuta ba. 'Yan ƙasarka kuwa sun sha ta tun suna ƙanana, a kwanakin farko na haihuwa da jikin ɗan rago ke da juriya ta musamman, suka warke ba ka ma sani ba.

Daga cizo zuwa zazzaɓi kamar mako biyu ne. Zafin jiki yakan haura digiri 41, alhali na tunkiya mai lafiya wajen 39 yake. Sai numfashi sama-sama, tafiya tana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake ruwa, taunar iska, ƙifta ido, zagaye, daga nan ta faɗi tana shure-shure kai ya sanƙare baya, kumfa na fita ta hanci. A dabbar da ba ta da garkuwa duk wannan yana iya faruwa cikin dare ɗaya, da safe a tarar da mushe.

Me ya sa gwaji biyu suka wuce ta? Domin ba a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama ba, a bangon jijiyoyin jini take, musamman ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Gilashin jini ba ya nuna ta. Hanyar da aka saba tabbatar da ita ita ce a fasa kan mushen, a ɗebi ɗan ɓargon ƙwaƙwalwa a murje tsakanin gilashi biyu, a rina da Giemsa, sai a ga ƙwayoyin sun taru gungu-gungu a bangon jijiya. PCR yana kama ta a jini lokacin zazzaɓi, amma sai an aike shi da sadarorin pCS20, kuma a dabbar da ta warke abin da ke yawo a jini kaɗan ne ainun, yana iya kuɓucewa. Ɗalibin da aikinsa a kan Theileria da Babesia da Anaplasma yake ba shi da dalilin nemanta. Cutar ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Edmund Cowdry ya gano ƙwayar a Afirka ta Kudu a 1925, an daɗe ana kiranta Cowdria, sai a 2001 karatun DNA ya mayar da ita gidan Ehrlichia. A Zariya kuwa tun shekarun 1970 Farfesa Albert Ilemobade da abokin aikinsa Leeflang suka yi aiki mai zurfi a kanta da sauran cututtukan kaska na arewacin Najeriya.

Ba ita kaɗai ke kashe tunkiya farat ɗaya da damina ba, kada in rufe maka ido. Tsutsar tumbi mai shan jini, Haemonchus, tana kashe baƙin Sahel da sauri, alamarta farin ido fat da kumburi a ƙarƙashin haɓa. Sauya abinci kwatsam zuwa ɗanyar ciyawa ko dusa mai yawa yana tayar da gubar hanji. Akwai ciyayi masu guba da ɗan gida ya san ya kauce musu baƙo bai sani ba. In kuwa ka ga mushe ya kumbura da wuri, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci da dubura, kada a feɗe shi sam, a kira likita, domin ana tsoron ciwon saifa wanda ke kama mutane.

Suna ɗaya, zuri'a daban-daban

Akwai mataki na biyu na wannan ilimi wanda ya fi sanin suna muhimmanci ga mai sayen dabbobi daga nesa. Ko cikin jinsi ɗaya, ƙwayoyin ba ɗaya suke ba. Ehrlichia ruminantium tana da zuri'o'i masu yawa, kuma garkuwar da dabba ta samu daga wata ba lallai ta kare ta daga wata ba. Rigakafin da aka daɗe ana yi a Onderstepoort ta Afirka ta Kudu jinin tunkiya ne mai ɗauke da zuri'ar da ake kira Ball 3, a daskare, a yi wa dabba ta jijiya, a riƙa auna zafinta kullum, da ta fara zazzaɓi a yi mata magani. Ga wahala, ga shi ba ya rufe dukkan zuri'o'in da ke ƙasar kanta. A Burkina Faso, inda cibiyar CIRDES ta Bobo-Dioulasso ta yi aiki a kan wannan, karatun DNA ya nuna zuri'o'i da dama suna yawo tare a 'yan ƙauyuka kaɗan. Da aka gwada rigakafin da aka yi da zuri'ar Gardel ta tsibirin Guadeloupe, kariyar ta fi kyau ne bayan an haɗa da zuri'ar gida. An karanta dukkan rubutun ƙwayar tun 2005, haruffa wajen miliyan ɗaya da rabi, amma har yanzu wannan yawan zuri'a shi ne ƙashin da ya tsaya wa masu haɗa rigakafi a wuya. Ma'anarsa gare ka ita ce, ko ɗan ƙasa ka ɗauko daga wata jiha mai kaska, yana iya faɗuwa a garkenka.

Theileria kuma a cikin hanjin kaska take aure. Kaskar da ta sha jinin tunkiya mai zuri'a biyu tana iya fitar da ta uku wadda ta gaji wani abu daga kowacce. Da aka bi Theileria lestoquardi a Oman da Sudan da alamomin DNA masu saurin sauyawa, an tarar dabba ɗaya takan ɗauki zuri'a fiye da ɗaya, kuma bambancin da ke cikin garken yanki guda mai yawa ne. Ta nan ne jure magani ke yaɗuwa. A 'yar uwarta ta shanu, Theileria annulata, an riga an ga sauyin 'yan haruffa a shafin saitokurom b yana sa bufabakon, babban maganin Theileria, ya daina aiki, a Tunisiya da Iran da Turkiyya. Ita kuwa Theileria ovis, in ka jera 18S ɗinta daga Afirka da Asiya kusan iri ɗaya za ka gani. Ɗalibai kan rubuta cewa ba ta da bambanci, ni kuma nakan ce musu shafin da suka zaɓa ne mai nauyin sauyawa, an zaɓe shi don raba jinsi da jinsi, ba zai raba gida da gida ba.

Da garkena ne

Ba zan yi wa garke duka Berenil ba, babu abin da zai kashe a can sai kuɗinka. Ba zan kuma yi yunƙurin wanke Theileria ovis da Anaplasma ovis daga jinin 'yan ƙasa ba, kaska za ta mayar da su cikin makonni. Hankalina zai koma kan Uda bakwai da suka rage. Ka sayi ma'aunin zafi, ka auna su ta dubura kowace safiya kafin rana ta yi zafi, har damina ta ja baya. Wadda ta kai digiri 40.5 ko ta wuce, a ɗebi jininta nan take, sannan a yi mata oksitetirasaikilin mai dogon aiki, miligiram 20 a kowane kilo na nauyinta, ba tare da jiran sakamako ba. Wannan magani yana aiki a kan Ehrlichia da Anaplasma duka, amma sai an yi shi da wuri. In ta riga ta faɗi tana shure-shure, da wuya ya tashe ta. Likitan da ke kusa da kai zai iya tsara maka allurar kariya ta 'yan makonni ga baƙin, ya kuma duba idonsu don tsutsa. Kowace dabba da allurarta, kuma wadda za a yanka a kiyaye kwanakin da aka rubuta a kwalba.

Kaska kuma a rage ta, musamman a jikin baƙin, da maganin feshi ko na zubawa a gadon baya, a riƙa duba ciki da tsakanin kofato. 'Yan gida ba sa bukatar a tsane su tas, ɗan cizon da suke samu shi ke sabunta musu garkuwa. In za a cire da hannu kada a murƙushe ta da farce, domin kaskar Hyalomma tana ɗaukar zazzaɓin Kirimiya da Kwango mai sa zubar jini a mutane, an kuma samu masu shi a Senegal da Muritaniya. A jefa ta a wuta ko kananzir.

In wata ta sake mutuwa, Allah ya kiyaye, a samu likita ya buɗe ta a ranar. Ruwa mai launin rawaya a jakar zuciya da ƙirji, huhu ya jiƙe, kumfa a maƙogwaro, sun isa a ƙarfafa zato, sai a ɗauki kan a kai cikin ƙanƙara. Jinin gwajin DNA a kwalba mai murfi shuɗi-ja ake zuba shi, mai sinadarin hana jini daskarewa na EDTA, ba mai koren murfi ba, domin abin da ke cikin koren yana hana PCR aiki. Kaskar da aka cire daga jikin mara lafiyar a sa ta a sifirit mai ƙarfin 70 cikin ɗari, a rubuta rana da dabbar da fensir. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom da asibitocin koyarwa na tsangayoyin likitancin dabbobi, irin na Zariya, su ne wuraren da za a tuntuɓa.

Ɗalibin nan kuma kada ka sake shi, DNA ɗin da ya tace daga garkenka mai yiwuwa yana nan a firizarsa. Ka tambaye shi ko a cikin jinin da ya ɗiba akwai na dabbar da ke zazzaɓi a ranar, ko duka na masu lafiya ne. Ka tambaye shi ko ya karanta haruffan ne ko a zaren haske ya tsaya. Sannan ka roƙe shi, in malaminsa ya yarda, ya sake gwada na Udan da pCS20.